Olatunji: Ɗan Ajido Da Ya Tafi Neman Aikin Jakadanci Ya Ƙare A Kan Ganga



Duk mai bin hanyar Legas zuwa Seme, fatauci ya kai shi ko ziyara, sai ya ratsa ta Badagry. To ba nisa da garin, a bakin ruwa, akwai wani ƙauyen masunta da ake kira Ajido. A nan aka haifi Michael Babatunde Olatunji, ranar 7 ga Afrilu, 1927. Na san da yawan masu karatu ba su taɓa jin sunan ba, kuma ba laifinsu ba ne, domin ko maƙwabtanmu Yarbawa in ka tambaye su manyan makaɗansu, Sunny Ade da Ebenezer Obey da Haruna Ishola za su lissafa maka. Amma a Amurka, tun daga 1960 har tsawon shekaru masu yawa, idan aka ce “gangar Afirka” to sunan wannan mutum ne ke fara zuwa bakin mutane.

Ma'anar Babatunde da Yarbanci ita ce “baba ya dawo”. Mahaifinsa ya rasu saura wata biyu a haife shi, shi ya sa aka raɗa masa sunan. Da a wajenmu ne da Audi za a kira shi. Mutanen Ajido kuwa Egun ne, waɗanda suke kiran kansu Ogu, masu harshensu daban, irin waɗanda muke gani suna su a gaɓar ruwan Legas. Wannan abin lura ne, domin a Ajido shi ɗan gidan wane ne, a Legas ɗan Egun ne daga ƙauye, da ya sauka Amurka ya zama Bayarabe, bayan ɗan lokaci ma aka daina wahala da wannan, ya zama “ɗan Afirka” kawai. Mu da ke zaune a Kudu mun san wannan lissafi sarai. Babarbare da Banufe da Bazabarme da Buzu, da zarar sun sauka Agege ko Mile 12, duk sun zama “Hausa”, kuma duk abin da ɗaya ya yi, sauran ne za su amsa tambaya. Iya nisan da mutum ya yi da gida, iya yawan mutanen da ake ɗora masa alhakinsu. Tarihin Olatunji gaba ɗayansa a kan wannan kaya ne da aka ɗora masa, da yadda ya ɗauke shi.

Abu na biyu da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, Olatunji ba ɗan gidan makaɗa ba ne. A ƙasar Yarbawa, kamar a ƙasar Hausa, kiɗa gadon gida ne. Zuri'ar makaɗa suna da alama a sunayensu, wato Ayan, kamar Ayanwale ko Ayantunde, kuma tun yaro yana ƙarami ake rataya masa ƙaramar ganga yana bin ubansa. Shi Olatunji kiɗan da ya sani shi ne wanda kowane yaron ƙauye ke tsinta a wajen bukukuwa, yana gani yana kwaikwayo. Karatun boko aka sa shi, ya yi makarantar Baptist Academy a Legas. A cikin mujallar Reader's Digest ya ga labarin tallafin karatu na ƙungiyar Rotary, ya nema, aka ba shi. A 1950 ya shiga jirgin ruwa tare da ɗan uwansa Akinsola Akiwowo, wanda daga baya ya zama farfesan ilimin zamantakewa. Burinsa ya karanta kimiyyar siyasa, ya dawo ya zama jakadan ƙasarsa idan ta sami mulkin kai.

Makarantar da aka tura shi ita ce Kwalejin Morehouse da ke Atlanta a jihar Jojiya, makarantar maza baƙaƙen fata, wadda Martin Luther King ya gama shekara biyu kacal kafin zuwansa. A lokacin wariyar launin fata doka ce a Kudancin Amurka. Motar haya, gidan abinci, har famfon shan ruwa, kowane na baƙi daban na farare daban. Amma abin da ya fi ba shi mamaki, kamar yadda ya sha faɗa daga baya, ba halin Turawa ba ne, tambayoyin 'yan uwansa baƙaƙen fata ne. Wani ya ce shin gaskiya ne zakuna na yawo a titunan garinku? Wani ya ce da gaske mutanenku suna da wutsiya? Duk abin da suka sani game da Afirka daga finafinan Tarzan suka samo shi, kuma an koya musu su ji kunyar wurin da kakanninsu suka fito.

A irin wannan hali baƙo yana da zaɓi. Yana iya yin fushi ya kama bakinsa, ya tsaya cikin 'yan garinsu, yadda mafi yawanmu muke yi. Yana iya saje wa da masu gari har ya manta inda ya fito. Olatunji sai ya fara tara ɗalibai yana yi musu bayani, da ya ga bayanin baki ba ya shiga, sai ya haɗa da waƙa da ganga da rawa. Ya yi aiki da ƙungiyar mawaƙan makarantar, shi da malamin kiɗa Wendell Whalum suka tsara wata waƙar Kirsimeti ta Yarbanci mai suna “Betelehemu”, wadda ta zama tambarin ƙungiyar. Ya gama a 1954, ya wuce Jami'ar Niyok don karatun tafiyar da mulki. Kuɗin makaranta ya yi wuya, sai ya kafa 'yar ƙungiyar kiɗa da rawa don ya riƙa samun na kashewa. Siyasar ma bai sake ta ba, domin a 1958 ya halarci babban taron al'ummar Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Ankara, a matsayin wakilin ɗalibai. Amma a hankali abin da aka fara don biyan kuɗin makaranta ya cinye makarantar.

A ƙarshen shekarun 1950 aka ɗauke shi ya yi wasa da babbar ƙungiyar makaɗa a zauren Radio City na Niyok. A nan mutanen kamfanin faifai na Columbia suka gan shi. A 1959 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, a farkon 1960 faifan Drums of Passion ya fito. Waƙoƙi takwas ne, babu jita, babu fiyano, babu abin busa na Turawa. Ganguna ne da kuge da caki da muryoyi, shi yana bayarwa, ayarin mata na amshi. A cikinsu akwai “Akiwowo”, waƙar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, da “Shango”, da “Odun de” ta sabuwar shekara, da wadda ta fi kowace tashe, “Jin-go-lo-ba”. Faifan ya shiga gidajen da ba a taɓa jin sautin Afirka a cikinsu ba, aka yi shekaru ana sake buga shi, har Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi a jerin 2004 na faya-fayan da ƙasar za ta adana don tarihi.

Ba za a fahimci wannan karɓuwa ba sai an dubi shekarar. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai, har da Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. A watan Fabrairu ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a kujerun farare a wani wurin cin abinci a Greensboro suka ƙi tashi, abin ya bazu ko'ina a Kudancin Amurka. A 21 ga Maris 'yan sandan Afirka ta Kudu suka kashe mutum 69 a Sharpeville. Baƙar fatar Amurka da jiya yake ɓoye alaƙarsa da Afirka, yau yana ganin shugabanninta a talabijin cikin manyan riguna suna shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutane na neman abin da za su riƙe, sai ga faifai ya fito da murya daga can.

Daga nan makaɗan jaz suka yi masa caa. Jaz, ga wanda bai saba ba, kiɗa ne na baƙaƙen Amurka wanda kowane mai busa ko mai kiɗa yake ƙago nasa salon nan take a kan karin da aka shimfiɗa. Max Roach, ɗaya daga manyan masu buga jerin gangunan Turawa, ya kira shi cikin faifansa na We Insist! Freedom Now Suite a 1960. A wata waƙa da ke ciki, mawaƙiya Abbey Lincoln tana kiran sunayen ƙabilun Afirka ɗaya bayan ɗaya, Olatunji yana amsa mata da Yarbanci yana buga ganga, daga nan aka zarce cikin kiɗan juyayin waɗanda aka kashe a Afirka ta Kudu. Gwamnatin wariyar launin fata ta hana sayar da faifan a ƙasarta. Haka ta yi wa Uhuru Afrika na Randy Weston, wanda shi ma Olatunji na ciki. A 1961 ya buga wa Cannonball Adderley a African Waltz. A 1962 John Coltrane ya yi wani kiɗa ya sa masa suna “Tunji” don girmama shi. A zanga-zangar neman 'yanci ma ana ganin sa. Ya yi kiɗa a tarukan mutanen King, ya yi a na Malcolm X, bai zaɓi ɓangare ba.

Wani abin dariya, ko in ce abin tausayi, ya faru a watan Disamba na 1961. Wata ƙungiyar baƙaƙen Amurka mai kula da al'adun Afirka ta shirya biki a Legas, ta kwaso Nina Simone da Langston Hughes da Lionel Hampton da Randy Weston da wasunsu. A cikin tawagar akwai Olatunji. Wato ɗan Ajido ya dawo garin da ya yi makaranta a matsayin ɗaya daga baƙin Amurka, zai nuna wa mutanen Legas kiɗan Afirka.

Wannan ya kawo mu ga sukar da aka fi yi masa, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Masu suka sun ce abin da ya sayar wa Amurkawa ba kiɗan Yarbawa ba ne na ainihi. Suna da hujja. Makaɗa uku da suka buga tare da shi a Drums of Passion, wato Chief Bey da Montego Joe da Taiwo Duvall, dukansu haifaffun Amurka ne, hannunsu ya saba da konga irin ta Kyuba da salon tsibiran Karebiyan. Yawancin matan da ke amshi ba sa jin Yarbanci, haddace kalmomin suka yi. Dundun, gangar da ke magana, 'yar uwar kalangunmu, wadda ita ce ƙashin bayan kiɗan Yarbawa, ba ita ke jan ragamar faifan ba. Kuma ba shi ya fara ba. Guy Warren na Gana, ƙwararren makaɗi tun daga gida, ya ɗauki faifan Africa Speaks, America Answers tun 1956, amma bai sami gindin zama ba, ya koma Gana ransa a ɓace, daga baya ya sauya suna zuwa Kofi Ghanaba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a nawa ganin masu sukar sun auna abin da mudun da ba nasa ba. Olatunji ba a Oyo yake ba, a Harlem yake, da mutanen da ya samu a Harlem zai yi aiki. Kowa ya san tuwon zango ba ya zama daidai da na gida, domin da abin da kasuwar garin ta bayar ake yin miya, amma ba wanda ya ce don haka ba tuwo ba ne. Abin da ya haɗa sabon abu ne, kiɗan baƙunta, wanda ɗan Afirka ɗaya da jikokin bayi suka gina tare, su suna neman hanyar gida, shi yana neman a daina yi wa gidan dariya. Da ya kawo musu dundun zalla, da kirarin sarakuna da habaicin da sai mai jin harshe ke ganewa, da sun yi tafi don ladabi sun watse. Inda zan yarda da masu suka shi ne yadda kamfanin ya tallata shi, da sunaye irin su “gangunan shauƙi” da “ganguna masu ci da wuta”, waɗanda ba su yi nisa da Tarzan ɗin da ya fito yaƙa ba. Ya karɓi wannan don ƙofa ta buɗe. Ko ya yi daidai, mai karatu ya yanke.

Sai batun kuɗi, inda baƙo ya saba shan kashi. A 1964 mawaƙin Faransa Serge Gainsbourg ya fitar da faifai mai suna Gainsbourg Percussions. Uku daga waƙoƙin ciki na Olatunji ne, an cire kalmomin an sa na Faransanci: “Jin-go-lo-ba” ta koma “Marabout”, “Akiwowo” ta koma “New York USA”, “Kiyakiya” ta koma “Joanna”. Ba a rubuta sunansa ko'ina ba, sai bayan shekaru masu yawa aka gyara. A 1969 Carlos Santana ya ɗauki “Jin-go-lo-ba” ya mayar da ita “Jingo”, ya buga ta a gagarumin bikin Woodstock, ta fito a faifansa na farko, matasan duniya suka yi ta rawa da ita, mafi yawansu suna zaton kiɗan Latin Amurka ne. Shi dai Santana bai ɓoye inda ya samo ba, daga baya ma ya buga jita a wani faifan Olatunji.

Kuɗin da ya samu na kirki shi ne na baje kolin duniya da aka yi a Niyok a 1964 da 1965, inda ƙungiyarsa ta riƙa wasa a rumfar Afirka. Bai gina gida da shi a Legas ba, yadda ɗan ci-rani ya saba. Ya buɗe cibiyar koyar da al'adun Afirka a titi na 125 a Harlem, ana koyar da kiɗa da rawa da harsuna da tarihi. Coltrane na cikin waɗanda suka tallafa da aljihunsu. Ranar 23 ga Afrilu, 1967, ya zo cibiyar da ƙungiyarsa, da matarsa Alice a fiyano, da Pharoah Sanders, da Jimmy Garrison, da Rashied Ali, suka yi wasa. A lokacin ciwon hanta ya riga ya ci ƙarfinsa, ya rasu ranar 17 ga Yuli. Sautin da aka ɗauka a wannan rana shi ne na ƙarshe da ake da shi na Coltrane a gaban jama'a, kuma sai 2001 aka fitar da shi da sunan The Olatunji Concert. Masu son jaz da yawa ta wannan faifan suka fara jin sunan Olatunji.

Yayi kuwa ba ya daɗewa. Bayan More Drums of Passion na 1966 hulɗarsa da Columbia ta ƙare. Kunnen matasa baƙaƙe ya koma ga kiɗan sol, irin na James Brown da Aretha Franklin, wanda ya taso daga waƙoƙin coci ya haɗu da kiɗan rawa. Olatunji ya gwada bin su. A 1973, lokacin da “Soul Makossa” ta Manu Dibango ɗan Kamaru ta cika gidajen rawa na Niyok kuma kowa na rige-rigen sake buga ta, shi ma ya fitar da tasa, da jita da abin busa. Faifan yana da daɗi, amma bai dawo masa da kasuwa ba. Ya yi fiye da shekara goma ba tare da wani babban kamfani ya neme shi ba, yana yawo makarantu da jami'o'i a mota yana koyarwa, yana ciyar da ƙungiya da cibiya da abin da ya samu. Cibiyar ta rufe wajen ƙarshen shekarun 1980 saboda rashin kuɗi. A daidai wannan lokaci a gida Fela ne ke tashe, Sunny Ade kuma ya fara fita Turai da Amurka da dundun na gaske, a kan hanyar da wani ya riga ya share.

Bari in ɗan ratse, domin akwai zaren wannan labari da ya kai har Arewa. Daga cikin masu busa da suka yi aiki a ƙungiyar Olatunji a farkon shekarun 1960 akwai Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewar Turawa, wanda ke cikin faifan Zungo! na 1961. Shekara ashirin bayan haka, a 1981, Lateef ya tattara ya koma Zariya, ya yi shekara huɗu yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ya fi mayar da hankali a kai. Shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Wato ɗan Nijeriya yana Amurka yana koyar da ganga, yaronsa na da, Ba'amurke, yana Samaru yana koyon sarewa a wajen makiyaya.

Wanda ya farfaɗo da Olatunji shi ne Mickey Hart, makaɗin ƙungiyar Grateful Dead, wanda ya fara ganin sa tun yana ɗan makaranta. A daren shiga 1986 ya sa shi ya buɗe wa ƙungiyar wasa a Oakland gaban dubban matasa farare, sannan ya ɗauki nauyin sababbin faya-fayansa. A 1991 suka yi Planet Drum tare da Zakir Hussain na Indiya, da Airto Moreira na Burazil, da Giovanni Hidalgo, da Sikiru Adepoju, faifan da ya ci kyautar Grammy ta farko da aka ware wa kiɗan duniya. Shi Sikiru ɗan Eruwa ne, ɗan gidan Ayan na gaske, wanda ya buga wa Ebenezer Obey kafin ya je Amurka, kuma ya yi shekaru a ƙungiyar Olatunji yana riƙe da gangar magana. Magajin kiɗa ke nan a bayan wanda bai gada ba.

Shekarunsa na ƙarshe a koyarwa suka tafi, kuma ɗalibansa yanzu yawanci farare ne masu hali. Ya ƙago hanyar koya wa wanda bai taɓa riƙe ganga ba: kowane bugu ya ba shi suna da baki. “Gun” shi ne bugun tsakiya mai kauri, “go” da “do” bugun gefe, “pa” da “ta” marin fata mai ƙara. In ka iya faɗa, in ji shi, za ka iya bugawa. Ga Bature wannan sabon ilimi ne. Ga wanda ya taso yana jin kalangu na kiran sunan mahauci a kasuwa, ko taken sarki a bakin tambari, ba wani abin mamaki ba ne. Daga wannan koyarwa aka sami al'adar nan ta zama a da'ira ana buga ganga da ta bazu a Amurka da Turai. Gangar da ta mamaye waɗannan da'irori kuwa jembe ce ta Gini da Mali, ba ta Nijeriya ba, kuma ɗaya daga waɗanda suka fara kai ta Niyok, Ladji Camara na Gini, ya yi aiki a ƙungiyar Olatunji tun shekarun 1960.

Ciwon sukari ya daɗe yana damun sa, har ya taɓa masa ido da ƙoda. Faifansa Love Drum Talk na 1997 ya shiga takarar Grammy. Daga baya ya koma zama a cibiyar Esalen da ke gaɓar tekun Kalifoniya, inda ya saba koyarwa. Ya rasu a asibiti a garin Salinas ranar 6 ga Afrilu, 2003, saura kwana ɗaya ya cika shekara 76. Littafin tarihin rayuwarsa, The Beat of My Drum, ya fito a 2005, kuma cikin waɗanda suka taimaka aka kammala shi akwai Farfesa Akiwowo, ɗan uwan nan da suka shiga jirgi tare a 1950.